Tab ga Ɗalibai, Ɗakin Kwamfuta, Ko Majigi ga Malamai?

Malamar Biyoloji:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Shawara nake nema. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, sakandaren 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo, sun tara mana kuɗi masu ɗan kauri, da sharaɗin a kashe su a kan na'urorin koyarwa na zamani. An sa ni a kwamitin, kuma kanmu ya rabu. Wasu sun ce a sayi tab, wato kwamfutar hannu da ake shafa gilashinta, a raba wa 'yan ajin ƙarshe, kowace ta riƙe tata har gida. Wasu sun ce a gyara aji ɗaya a zuba kwamfutoci da sola. Ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da majigi da laftof a hannun malamai, don na san wahalar da nake sha wajen koyar da zagayawar jini da alli kawai. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan a makarantarsu, don Allah ya gaya mana abin da ya biyo baya.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki amsa wa kwamiti, ki shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandarenku, ki miƙa wa yarinyar da ke zaune a baya littafin Turanci ki ce ta karanta miki layi uku, sannan ta gaya miki da Hausa abin da ta karanta. Abin da kika gani shi zai nuna miki inda kuɗin ya kamata ya tafi. Rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Yaron da bai iya karatu a takarda ba, in ka ba shi gilashi mai haske ba zai iya ba, hotunan zai bi.

Na yi shugabancin makaranta lokacin da aka kawo mana kwamfutoci a kwalaye, aka yi taro, aka ɗauki hoto. Babu wuta a makarantar, babu malamin da ya san kansu. Aka kulle su a sito saboda tsoron ɓarayi da tsoron binciken masu duba kaya. Ranar da na miƙa ragama aka buɗe siton don ƙirga kaya, ɓeraye sun cinye wayoyin, zanzaro ya yi gini a bayan allunan, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin a shekarar yaranmu a ƙasa suke zaune.

Malamin Kwamfuta:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, amma akwai abin da ya canja tun bayan da ka bar aji. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje a kan kwamfuta a farkon 2024, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da niyyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, can aka dosa. Yanzu yarinyar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba an riga an rage mata maki tun kafin ta ga tambaya.

Ina koyar da masu shirin JAMB da yamma. Akwai wata da ta zo mini, mai ƙoƙari sosai, Kimiyyar Sinadarai a kanta take. Da na zaunar da ita na ce ta zaɓi amsa, sai ta ɗaga linzamin kwamfutar (mouse) sama tana nuna shi ga allon, hannunta na rawa. Da na nuna mata a tebur ake jan shi, sai ta riƙa kallon hannunta maimakon kallon kibiyar. Agogon da ke ƙirga lokaci a kusurwar allo kuwa shi ya fi tsorata ta, duk bayan tambaya sai ta kalle shi. Tambayoyin da ta san amsarsu ta bari ba ta kai gare su ba. Mako biyu kacal ta yi ta saba. Mako biyun nan ne 'ya'yan talakawa ba sa samu, 'ya'yan makarantun kuɗi kuwa tun firamare suka same shi. Ni dai ɗakin kwamfuta na zaɓa, ba na ko tantama.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ban ce kada yara su koyi kwamfuta ba. Amma koyon taɓa kwamfuta daban, koyarwa da kwamfuta daban. Wanda ka faɗa mako biyu ya ishe shi, kai da kanka ka ce. Kuma ita ma jarrabawar kwamfutar ai mun ga abin da ya faru a 2025, da shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas suka sake zama.

Malamin Kwamfuta:
Haka ne Baba, an yi. Sai dai ba a koma takarda ba, a kwamfutar aka sake musu.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma a kan tab ɗin nan zan yi magana. Malama, don girman Allah kada ku raba wa 'yan mata na'ura su tafi da ita gida. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, makarantar yarana ta buɗe musu zaure a WhatsApp, dole na bar musu wayata. Darasin minti ashirin ne, amma wayar sai ta wuni a hannunsu. Da aka koma makaranta darasin ya ƙare, sabo da wayar bai ƙare ba. Na sha tashi cikin dare in ga haske a ƙarƙashin bargo. Kuma ku tuna ba kowane gida ne zai bar na'urar a hannun yarinyar ba. Yayanta zai karɓe, ko a sayar ranar da babu cefane, ko a tare ta a hanya a ƙwace. Gobe ku ce ta biya, da me?

Malamin Lissafi:
Hajiya ta taɓo inda yake. Shi wannan tsari na ba kowane yaro na'urarsa an gwada shi, ba sabo ba ne. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, mai 'yan laftof kore da fari, har Najeriya ya zo, an gwada shi a wata firamare a Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ce ta fi kowa rungumarsa, ta sayi sama da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantu 319 na karkara ya fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa kwamfutar ƙwarai, amma lissafinsu da karatunsu ba su fi na yaran da ba a ba su ba. Dalilin da aka fi kawowa shi ne an ba yara na'ura, ba a canja yadda malami ke koyarwa ba, malaman ma horonsu kaɗan ne.

A nan gida jihar Osun ta raba Opon Imo a 2013 zamanin Rauf Aregbesola, tab ce da aka zuba wa littattafai da tambayoyin jarrabawar baya ga 'yan babbar sakandare. Tunanin yana da kyau, tunda ba ya buƙatar data. Amma na'ura irin wannan batirinta na mutuwa, gilashinta na fashewa, duk shekara kuma sabbin ɗalibai ke shigowa. Kuɗin tsofaffin ɗalibai sau ɗaya zai zo. Ajin bana su samu, na baɗi fa?

Malamar Biyoloji:
Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ban iya tsara wa kwamiti ba, na gode Malam. Bari in faɗi abin da ya sa na nace a kan majigi. Na taɓa aro ɗaya daga wani ɗan uwana, muka rufe tagogi da zannuwa, na haska musu bidiyon zuciya tana bugawa, ana ganin ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa, jini mai iska da marar iska kowane da launinsa. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo, kibiya nan kibiya can, su kwafa su haddace su manta. Ran nan wata daga baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Malama a mayar baya, ashe ɗakunan zuciyar ba a lokaci ɗaya suke matsewa ba." Na tsayar, na mayar, na sa ta fito ta nuna da yatsa. Wata kuma ta tambaya ko abin da ake cewa yaro yana da huji a zuciya a nan wurin yake. Muka shiga maganar da babu ita a tsarin darasina, har aka buga ƙararrawa ba wadda ta motsa. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje na kirki, madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta ɗaya ne ya rage mana. Majigi ne kaɗai hanyar da zan nuna wa aji mai yara sama da tamanin yadda ƙwayar halitta ke rabuwa.

Tsohon Hedimasta:
To ai kin ga, 'yata, ke ce kika tsayar, ke ce kika mayar baya, ke kika kira ta allo. Da kin kunna kin koma kujera kina danna waya, da fim suka kalla. Wannan kam ban ƙi shi ba. Abin da nake tsoro shi ne malamin da zai mayar da majigi ɗan aikensa.

Malamin Hausa:
Akwai su kuwa Baba. Amma ina da wata damuwa da ba a taɓo ba. Malama, bidiyon naki da wane harshe yake magana?

Malamar Biyoloji:
Turanci ne, na Amurka ma. Kashe sautin na yi na riƙa bayani da bakina, Turanci da Hausa.

Malamin Hausa:
Abin da nake nufi ke nan. Kusan duk abin da ke cikin na'urorin nan ba da yaranmu a zuci aka yi shi ba. Mai bayanin yana sauri, lafazinsa baƙo, misalansa na dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Akwai ƙoƙari, ban musa ba. Manhajar Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a watan Maris na 2022 tana da darussa da Hausa, kuma kyauta ce. Sai dai in ka kwatanta da abin da ke akwai da Turanci, namu bai taka kara ya karya ba, musamman a darussan kimiyya na babbar sakandare. Ku dubi kuma abin da ya taimaki yara a ƙananan azuzuwa a Arewa, irin shirin RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi. Ƙashin bayansu littafi ne da Hausa a hannun yaro, da jagoran malami, da horo. Ni da za a ji tawa, sai a ware wani abu daga kuɗin a sa malamanmu su naɗi darussansu da muryarsu, a zuba a mimori. Yarinyar da ta yi fashi saboda ciwo ko bikin gida ta saurara a ƙaramar wayar mahaifiyarta.

Mushe Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku daga nan Zinder. Abin da Malamin Hausa ya faɗa mu ya fi shafa, don mu Faransanci ne a cikin na'urar, yaro kuwa da Hausa ko Barbarci ya tashi. Amma ni maganar wuta zan yi. A watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki, mun ga yadda duk abin da ya dogara da wutar gwamnati ya tsaya cik, sai a 2024 aka maido. Duk lakwal, wato makaranta, da ta sa kuɗinta a na'ura ba ta sa a sola ba, ajiya ta saya. Kuma ku yi mini haƙuri, ni in ana maganar tab sai in tuna azuzuwan zana da yaranmu ke karatu a ciki. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Inda babu gini babu benci, maganar kwamfuta sai ta jira. Ku da kuke da gini, ku gode wa Allah, ku fara da wuta.

Maman 'Yan Biyu:
Amin ya Allah. Allah ya ba iyayensu haƙuri.

Mai Gyaran Sola:
Amin. Malama, tunda sana'ata aka taɓo bari in sa baki. Kuskuren da makarantu suka fi yi shi ne su kashe kusan duk kuɗin a kwamfutoci, abin da ya rage a ce a nemo sola da shi. Sai a sa batir marar ƙarfi, wata shida ya kwanta, a ce sola ba ta da kyau. Janareta kuma kun san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ba makarantar gwamnatin da za ta iya kunna shi kullum.

Shawarata, in za ku yi ɗakin, ku sayi laftof maimakon manyan kwamfutocin tebur. Laftof ba ta cin wuta kamar su, kuma tana da batirinta, in gajimare ya rufe rana ba za ta ɗauke a tsakiyar darasi ba. Tunda karatunku da rana ne, ku ƙara yawan farantan sola, ba sai kun tara batura masu yawa ba. Ku sa wanda zai riƙa goge farantan, musamman da hunturu, ƙura kaɗai tana rage musu ƙarfi sosai. Ɗakin ya samu silin da fanka, tagogi da ƙarfe, ƙofa ta ƙarfe. Sannan ku ajiye wani kaso na kuɗin kada ku taɓa, na gyara ne. Caja za ta ƙone, madannai za su maƙale, majigi ma ƙwansa yana da iyakar awannin da yake yi. In babu kuɗin gyara, duk wadda ta lalace sai a jingine ta, a shekara biyu ku ga rabi sun tafi.

Malamin Kwamfuta:
Ina goyon bayan Oga. In ƙara da cewa kada ku ɗora tsarin a kan intanet. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, malami ba zai iya ɗaukar nauyin bidiyo daga albashinsa ba. Akwai abubuwan da ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da su babu data. Kiwix na ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa. Kolibri ana zuba masa darussa a kwamfuta ɗaya sauran su jawo daga gare ta. PhET na jami'ar Colorado yana da gwaje-gwajen Fiziks da Sinadarai da yaro zai haɗa wayar lantarki da batir da ƙwan fitila a allo ya ga wuta ta kama. GeoGebra kuma Malamin Lissafi ya fi ni saninsa. Rashin intanet ɗin ma alheri ne, babu TikTok a ɗakin.

Malamin Lissafi:
GeoGebra na da amfani ƙwarai, musamman wajen nuna yadda zanen jadawali ke canjawa in ka canja lamba. Abin da zan zana sau biyar a allo ina gogewa, a nan jan abu ɗaya zan yi su gani. Amma bari in kawo abin da ya fi damuna yanzu, wanda ko kun sayi na'ura ko ba ku saya ba ya riga ya shigo ajinku. Aikin gida ya mutu. Yaro zai ɗauki hoton tambaya da wayar yayansa, ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta warware masa mataki-mataki, ya kwafe tsaf. Kwanaki na karɓi littattafai, kusan rabin ajin sun bi wata hanya da ban koyar ba, babu ita ma a manhajarsu, kuma duk da kalmomi iri ɗaya. Na kira ɗaya allo na canja lamba ɗaya tak a tambayar, ya tsaya riƙe da alli bai iya rubuta layin farko ba. Ba dakiki ba ne, na san shi. Wahalar tunanin ce aka ɗauke masa, ita ce kuwa karatun. Yanzu na rage aikin gida, na mayar da minti goma na farkon darasi gwaji a gabana.

Malamin Kwamfuta:
Amma Malam ita ma ƙirƙirarriyar basirar ya danganta da yadda aka riƙe ta. A 2024 an yi gwaji a Benin ta jihar Edo tare da Bankin Duniya, mako shida bayan an tashi makaranta, 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suna koyon Turanci da Microsoft Copilot. Waɗanda suka shiga sun fi waɗanda ba su shiga ba a gwajin da aka yi musu, har a jarrabawar ƙarshen shekara.

Malamin Lissafi:
Na karanta labarin. Ka duba yadda aka yi shi: a ɗakin kwamfutar makaranta, yara bibbiyu, malami na tsaye a kansu, kuma an tsara umarnin da za a ba na'urar don ta ja yaro ya yi tunani, ba ta miƙa masa amsa ba. Wannan ba shi ne yaro shi kaɗai da waya da ƙarfe goma na dare ba. Ita jihar Edo ɗin ma, a shirinta na EdoBEST da ta fara a 2018, malamai ta ba tab, ba yara ba. Darasin na ciki a tsare, kuma ana ganin ko malami ya zo ya koyar. Wasu malaman na kukan an mayar da su masu karanta rubutun wani, kuma kukan yana da tushe, ni ma ba zan so a ƙayyade mini kowace kalma ba. Amma ga sabon malamin da aka jefa aji ba horo, ya fi babu.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mu a ɓangarenmu 'yar sifika mai mimori ta yi mana aikin da ban zata ba. Ina sa karatun ƙwararren makaranci, aya-aya, yara su maimaita, ni kuma ina zagayawa ina sauraron bakin kowa. Makharijul huruf sun gyaru sosai, musamman haruffan da Bahaushe ke haɗewa. Amma hadda a allo da takarda muke yinta har gobe, don yaron da ya rubuta da hannunsa ya fi riƙewa. Waya kuwa ba ta shiga mana aji, ko ta malami sai a aljihu.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya gafarta Malam, waɗanda suka ƙera abin ma sun fara dawowa inda kake. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Holan ta bi sahu a sakandare a watan Janairun 2024. Suwidin, da ta yi nisa wajen ba ƙananan yara tab, a 2023 gwamnatinta ta juya ta zuba kuɗi a littattafan takarda. A shekarar ce UNESCO ta fitar da babban rahotonta a kan fasaha a ilimi, ta ce hujjoji masu ƙarfi a kan amfaninta ba su da yawa, kuma da dama daga cikin binciken masu sayar da kayan ne ke ɗaukar nauyinsa. Ba na son mu sayi abin da wasu ke ajiyewa.

Malamin Kwamfuta:
Baba, da girmamawa, su sun ƙoshi ne suke rage cin. Yaron Suwidin da aka karɓe wa tab a aji yana da kwamfuta a gida, ba zai je jarrabawa yana tsoron linzami ba. Namu ko ɗanɗanawa ba su yi ba. Wayar ɗalibi a aji ni ma ban yarda da ita ba, a nan muna tare. Amma kada hana waya ya zama hujjar hana ɗakin kwamfuta.

Tsohon Hedimasta:
Na karɓi wannan. In dai akwai malamin da aka ɗora wa ɗakin, aka sa shi a jadawalin darasi kamar kowane fanni, kowane aji ya san ranarsa, to ban da ja. Abin da ba na so shi ne ɗakin da makullinsa ke aljihun shugaban makaranta, sai baƙi sun zo a buɗe.

Malamar Biyoloji:
Na kwashe duk wannan zan kai wa kwamiti. Tab dai na cire ta daga raina. Abin da nake gani yanzu shi ne sola mai kyau tukuna, laftof daidai abin da kuɗin ya iya ko da ashirin ne, majigi ɗaya da za a riƙa ɗauka zuwa aji, da kason gyara kamar yadda Oga ya ce. Sai dai ga matsala: 'yan ajin ƙarshe kaɗai sun fi ɗari biyu. In aka bi jadawalin mako, kowace yarinya ba za ta samu abin kirki ba kafin JAMB. Malamin Kwamfuta, ya kuke yi?

Malamin Kwamfuta:
Bibbiyu a kan kowace laftof, ɗaya na amsawa ɗaya na duba lokaci, sai su canja. Amma gaskiya sai kun haɗa da Asabar, rukuni-rukuni, daga zangon farko. Kuma ku fara da malaman kafin yaran, Malama. Akwai abokan aikinmu da ke jin nauyin a ga ba su iya ba a gaban ɗalibai, in ba a koya musu a keɓe ba za su guje wa ɗakin, su kuma hana ajinsu zuwa.

Malamin Hausa:
Asabar ɗin nan fa akwai Islamiyya, akwai aikin gida, wasu kuma suna taya iyayensu sana'a. Sai an zauna da iyaye tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Za mu bari, Malam, in an zo mana ta hanyar da ta dace. A kira taron iyaye a nuna mana ɗakin da idonmu, a gaya mana babu intanet a ciki. A sa malama mace a wurin duk ranar da za su zo, a rubuto mana lokacin shiga da na tashi a takarda, kuma a sallame su kafin azahar don su samu Islamiyyar yamma. Waɗanda ke zuwa daga ƙauyukan gefe kuma a sa su a rukunin farko, saboda abin hawa.